Daga Sashen Gaggawa Zuwa Ɗakin Kulawa ta Musamman

Ɗalibin da ya saba bi ta Shahuci ya san Asibitin Murtala, wanda aka fi sani da Asibitin Cikin Gari a da. A babban asibiti irin wannan, wanda ya yi mummunan haɗari ana fara karɓarsa ne a sashen gaggawa. Idan numfashinsa ko bugun zuciyarsa ya raunana, sai a mayar da shi ɗakin kulawa ta musamman. Wannan 'yar tafiya tsakanin ɗakuna biyu tana cikin lokuta mafi haɗari gare shi. Me ya sa?

Amsar tana cikin ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi 2 ne cikin 100 na jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma ba ta da ajiya. Idan iskar ta yanke na minti 4 zuwa 6, ƙwayoyinta sukan fara mutuwa. A kan hanya kuwa bututun numfashi na iya zamewa, allurar ƙarin ruwa ta fice, ko tukunyar oksijin ta ƙare.

Saboda haka, kafin a motsa gado akwai sharuɗɗa:

1. A tsayar da zubar jini, a daidaita numfashi tukuna.
2. A tabbatar an tanadi gado a can, kuma an sanar da ma'aikatan.
3. A lissafa oksijin, a ɗauki ninkin abin da ake bukata.
4. Likita ko ƙwararren nas ya yi rakiya, da na'urar auna oksijin a yatsan majinyaci, da jakar hura iska ta hannu.
5. A miƙa bayani baki da baki, kuma a rubuce: ciwon, magungunan da aka ba shi, da abin da ake fargaba.

Kada a raina jakar nan. A annobar shan inna ta 1952 a Kofanhegan, babban birnin Danmak, ɗaliban likitanci sun yi ta matsa irinta dare da rana, bisa shawarar Dokta Bjørn Ibsen, aka ceci rayuka masu yawa. A 1953 Ibsen ya buɗe ɗakin kulawa ta musamman a birnin.

Aikin aji: tukunya tana da lita 300, majinyaci yana shan lita 15 a minti. Tafiyar minti 12 ce. Shin tukunyar ta cika sharaɗi na 3?