Amsoshin Tambayoyinku: Wa Zai Share Mini Akwatin Imel?

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Jama'are. Akwatin Gmail ɗina ya cika maƙil da tallace-tallace da alat na banki, har saƙo mai muhimmanci yakan wuce ban gani ba. Wani abokina a Azare ya ce akwai ɗan shirin kwamfuta da mutum zai rubuta ya riƙa yi masa shara da kansa. Gaskiya ne? Wanda bai karanci kwamfuta ba zai iya?

AMSA: Abokinka gaskiya ya faɗa, kuma za ka iya. Sai dai kafin a kai ga rubuta shiri, ka fara da matatar da Gmail ya riga ya tanada, wadda yake kira Filter. A kwamfuta ake saita ta, manhajar waya ba ta da wurin yin haka. Ka umarce ta: duk saƙon da ya fito daga banki a sa masa lakabin "Banki" a kawar da shi gefe, wanda ya fito daga makaranta ko JAMB ko NYSC kuwa a sa masa tauraro, kada a jefa shi cikin Spam. Wannan kaɗai ya rage maka rabin wahala.

Inda matata ta gaza shi ne lokaci. Saƙo take tarewa a bakin ƙofa sa'ad da ya shigo, ba ta iya komawa bayan wata guda ta kwashe wanda ya tsufa. Ga shi gigabait 15 kacal Google ke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke raba shi. Idan ya cika, sabon saƙo ba zai shigo ba.

Nan ne amfanin Google Apps Script, wanda ya fito a 2009, ake rubuta shi da harshen JavaScript. Ka shiga script.google.com, ka buɗe sabon aiki, ka rubuta:

function shara() {
 var tsofaffi = GmailApp.search('category:promotions older_than:30d', 0, 100);
 GmailApp.moveThreadsToTrash(tsofaffi);
}

Layin farko suna ne kawai. Na biyu yana nemo tallace-tallacen da suka wuce kwana 30, guda 100 a kowane zagaye. Na uku ya zuba su a kwandon shara. Daga nan ka danna alamar agogo ta Triggers, ka sa shirin ya riƙa tashi kowace rana. A karon farko Google zai nemi izininka, har ya yi gargaɗin cewa bai tantance shirin ba. Tunda kai ka rubuta, ka amince.

Abin da ya sa na fifita wannan hanya a kan harshen Python, wanda shi ma yana yi, shi ne a kwamfutocin Google shirin ke gudana. Ko an ɗauke wuta a Jama'are, ko datarka ta ƙare, ko wayarka na wurin masu caji, sharar tana tafiya. Sau ɗaya kake buƙatar kwamfuta, ko ta kafe ce, muddin ka fita daga asusunka kafin ka tashi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Izinin da ka ba shirin, izini ne na karantawa da aikawa da goge duk wasiƙunka, kuma ta imel ɗin nan ake sauya kalmar sirrin Facebook da sauran asusunka. Saboda haka kada ka kwafo dogon shiri daga WhatsApp ko intanet ka liƙa alhali ba ka san aikin kowane layi ba, ko da aboki ne ya turo. Shi ya sa na ba ka gajere.

Haka kuma kafin ka saki shirin, ka liƙa category:promotions older_than:30d a wurin bincike na Gmail, ka duba abin da ya fito da idonka, domin Gmail yakan ɗauki rasit ko sanarwar makaranta a matsayin talla. Alat na banki kuwa kada ka taɓa sa shi cikin abin gogewa. Shi ne hujjarka ranar da kuɗi ya maƙale a POS. Abin da ya shiga kwando kwana 30 yake yi kafin ya tafi har abada, don haka a watan farko ka riƙa leƙa kwandon kowane mako.