Lissafin Haƙoran Keke da Lafiyar Gwiwa

Ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, amma duk ɗalibin da ya taɓa hawa keke ya nufi Kaita a lokacin hunturu ya san iskar arewa maso gabas kan mai da hanya tamkar hawan tudu. Wahalar ta fi tsanani ga masu tsofaffin kekunan tsere da ake shigowa da su daga Turai, domin an ƙera su ne saboda ƙwararrun 'yan tsere, ba don mai ɗauke da jakar littattafai ko buhun gero ba.

Asirin abin yana cikin haƙora. Irin wannan keke yana da faranti biyu a jikin feda, babba mai haƙora 52 da ƙarami mai 42. A ƙafar baya kuwa, faranti mafi girma yakan kasance mai haƙora 28. Idan aka raba 42 da 28 za a sami 1.5, wato duk juyin feda ɗaya, ƙafar baya za ta juya sau ɗaya da rabi. Tun da kewayen taya ya kai kimanin mita 2.1, keken zai ci mita 3.15 ke nan. Idan aka sa faranti mai haƙora 34 a madadin mai 42, tafiyar za ta koma kusan mita 2.55, ƙarfin da ake bukata wajen taka feda kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Wannan ragi yana da muhimmanci ga jiki. Tsokar cinya ta ƙunshi zaruruwa iri biyu: masu saurin aiki, waɗanda ke da ƙarfi amma suke gajiya da wuri, da masu jinkiri, waɗanda ke dogara da iskar oksijin, suke kuma jure dogon aiki. Taka feda mai nauyi yakan tilasta wa jiki amfani da na farkon, ya kuma ɗora wa gwiwa lodi. Juyi mai sauƙi, sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya, ya fi dacewa da doguwar tafiya.

Sai dai ba kowane faranti ke shiga kowane keke ba. Kusoshi biyar da ke riƙe faranti suna kan wata da'ira. Idan faɗinta milimita 130 ne, ba za ta karɓi ƙasa da haƙora 38 ba. Mai haƙora 34 sai da'irar milimita 110, wanda ke nufin sauya hannun feda baki ɗaya. Wajibi ne a auna kafin a sayi kaya. Idan an rage babban farantin ma, mai gyaran keke zai sauko da ƙarfen da ke sauya giya na gaba, ya kuma rage tsawon sarƙa, don kada ta riƙa zamewa.

Malamai na iya kawo keke cikin aji, ɗalibai su ƙirga haƙora, su auna taya da zare, sa'an nan su lissafa nisan juyi ɗaya da kansu.