Yadda Za Ka Ƙara Saurin Karatu

Darasinmu na wannan wata na waɗanda suka gama ajin yaƙi da jahilci ne, sun iya haɗa baƙi da wasali, amma har yanzu karatu yana yi musu nauyi. Mutum zai ɗauki wasiƙar ɗansa da ke Legas, kafin ya kai ƙarshen layi ya manta abin da ke farkonsa. Sai ya gaji, ya kira yaron maƙwabta ya karanta masa, asirin gida ya fita waje. In aka daɗe a haka, ɗan abin da aka koya ma sai ya gudu.

Abin da ke kawo wannan shi ne karatun gaɓa-gaɓa. A aji an koya mana ma-ka-ran-ta, ta-kar-da. Da haka ya kamata a fara. Amma wanda ya tsaya nan kamar mai ƙirga gero ne ƙwaya-ƙwaya, alhali ga mudu a gefensa.

Idon mai karatu ba ya tafiya sumul a kan layi. Tsalle yake yi, ya tsaya, ya ɗauki abin da ya gani, ya sake tsalle. Wanda ya saba, duk tsayawa ɗaya yakan ɗauki kalma sukutum. Ai in ka hango amininka a kasuwa ba ka duba hancinsa daban, idonsa daban. Kallo ɗaya ka san shi ne. Haka kalma take in ka gan ta sau da yawa.

Akwai wani dalili kuma. A rubutun boko na yau da kullum ba a nuna inda ake jan wasali, ko inda murya ke hawa da sauka. Dubi kalmar "gari". Ko garin Kano ne, ko garin masara? "Kuka" fa, na jariri ne ko ta miya? "Fari" na zane ne, ko na rashin ruwan sama? In ka tsaya kana juya kalmar ita kaɗai, ba za ta gaya maka ba. Wuce gaba. Kalmomin da ke biye da ita su za su warware maka.

To, yaya za a saba? Karanta wani abu kowace rana, ko da na minti 15 ne, bayan la'asar tun da sauran haske. Wannan ya fi a zauna yini guda ranar Juma'a sannan a ajiye takarda har mako ya zagayo. Zaɓi labari gajere mai daɗi, irin na littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Karanta shafi ɗaya sau uku. Karo na farko za ka yi ta tuntuɓe. Na biyu da sauƙi. Na uku za ka ji kamar hira kake yi. In babu littafi, ga rubutun jikin motoci, ga allunan shaguna, ga wannan jarida.

Daga nan sai ka gwada karatu a zuci, baki rufe, domin ido ya fi baki sauri. Yatsa ma, maimakon ya tsaya ƙarƙashin kowane baƙi, bar shi ya riƙa tafiya ƙarƙashin layi ido na bin sa, har ranar da za ka daina bukatarsa. Kada ka riƙa komawa baya sai ka kai aya.

In kuwa ka haura shekara 40, kana ganin ƙananan baƙaƙe dishi-dishi har sai ka nesanta takarda, je asibiti a auna idonka. Ni ma da nake rubuta muku wannan, da tabarau nake yi.

Amma fa a kula, ba kowace takarda ake karantawa da sauri ba. Ke uwargida, in kin ɗauki maganin yaro, "cokali 1 sau 3 a rana" daban yake da "cokali 3 sau 1 a rana". Kai manomi, duba buhun taki da kyau, NPK ne ko yuriya, don aikinsu ba ɗaya ba ne. Takardar gona ko ta bashi kuwa, karanta ta a tsanake sau biyu kafin ka sa hannu ko ka dangwala yatsa. A nan ne ake lura da baƙaƙe masu lanƙwasa: "kafa" ba "ƙafa" ba ce, "kasa" ba "ƙasa" ba ce. Inda ka ga lamba, tsaya ka faɗe ta da baki.

Aikin wannan wata: ajiye agogo a gabanka, karanta sakin layi na farko na wannan darasi sau uku, ka rubuta tsawon lokacin da kowane karo ya ɗauka. Bayan mako ɗaya ka sake gwadawa, sannan ka nuna wa malamin ajinku.