Yadda Ɗan Littafin Bach Ya Gyara Mini Hannun Hagu

Shekara uku ina taɓa fiyano, irin na lantarki mai buga ganga da kansa, har 'yan ɗakinmu na kirana Oga. Ran nan aka zaunar da ni gaban fiyanon katako, wanda ba shi da maɓallin taimako. Hannun dama ya ɗauki waƙa, na hagu kuwa ya yi tsuru-tsuru kamar baƙo a gidan biki. Wallahi na sha kunya. Abin da ya cece ni shi ne wasu gajerun kiɗe-kiɗe na zamanin Barok, wato salon kiɗan Turai na wajen 1600 zuwa 1750.

A 1720, Johann Sebastian Bach, makaɗin ƙasar Jamus, ya buɗe wa ɗansa Wilhelm Friedemann, mai shekara 9, littafin koyon kiɗa. Daga cikinsa ne ya tace kiɗa 15 masu murya biyu, waɗanda ake kira Invention, ya kammala su a 1723. Galibinsu ba su kai minti biyu ba.

Me suke koyarwa? Ɗauki na farkonsu, mai gaɓa 22 kacal. Hannun dama zai faɗi 'yar gajeriyar jimla, hagu ya maimaita ta da murya mai kauri, kamar mawaƙi da ɗan amshi. Sai dai a nan ba a jiran wani ya gama. Kowa na tafiya da tasa maganar lokaci guda, kuma dole kunnenka ya bi duka biyun. Kayan kiɗan zamanin, hafsikod, tsinkar tsirkiya yake yi, don haka ko ka danna da ƙarfi sautin ba ya ƙaruwa. Yatsa ya yi lalaci, nan take a ji.

Ga yadda na bi. Na fara da Minuwet na G, mai gaɓa 32, daga littafin 1725 na matar Bach, Anna Magdalena. An daɗe ana cewa na Bach ne, sai a shekarun 1970 bincike ya nuna na Christian Petzold ne. Gaɓa huɗu nake ɗauka a rana. Hagu shi kaɗai tukuna, har in iya rera layinsa da baki. Sannan dama. Sannan in haɗa su a hankali, ina ƙirga ɗaya, biyu, uku. In na yi kuskure, saurin nake ragewa, ba na komawa farko.

Bayan wata biyu na shiga Invention na farko. Har yau ina tuntuɓe a tsakiyarsa, amma yanzu in waƙa na tashi a shagon caji, layin ƙasa nake fara ji.

'Yan uwa masu fiyano a ɗaki, ku kashe maɓallin gangar nan na minti ashirin kullum, ku ba hagu gaɓa huɗunsa.