Gyaran Jiki Ga Masu Aikin Zama: Tafiya, Ɗaga Nauyi Da Abinci

An shirya wannan darasi ne domin hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da malaman da ke riƙe musu littattafai, gama aikinsu duka na zama ne. A zamanin da, hakimi ya kan fita rangadi bisa doki, malaminsa na biye, a zagaya ƙauyuka kwana da kwanaki, a dawo jiki ya motsu. Yanzu mota ta ɗauke wannan wahala. Hakimi ya kan zauna tun hantsi yana sauraron rigimar gona da ta gado, malami kuwa ya sunkuya bisa tebur har azahar ta gota, amma akushin da a ke kawo musu bai ragu ba ko kaɗan.

Mutanenmu sun saba ɗaukar teɓa alamar hutu da wadata, har a kan yi wa mai ita murna. Likitoci ba su yarda da wannan ba. A shekarar 1953 wani likitan Ingila, Dokta Jeremy Morris, ya bayyana abin da ya gano game da ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune yini guda, kwandasta kuwa yana ta hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Mota ɗaya, gari ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi saurin kashe su. Da ya duba ma'aikatan gidan waya sai ya sami haka nan: masu yawon raba wasiƙu sun fi akawunan da ke zaune tsira. Malamin hakimi ya dubi kansa, ya san a wane ɓangare ya ke.

To, abin da a ke nema ba ramewa ba ne. Mutum biyu su kan hau sikeli nauyinsu ya zo ɗaya, alhali ɗaya tsoka ce a jikinsa, ɗaya kuwa kitse. Daga shekara 30 zuwa sama, wanda ba ya aikin ƙarfi tsokarsa ta kan ragu da misalin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, kitse ya maye gurbinta, babbar riga ta rufe. In kuwa mutum ya ce zai yi maganin teɓa da yunwa kaɗai, jiki ya kan cinye tsoka tare da kitse, sai a ga nauyi ya sauka amma tashi daga shimfiɗa ya zama aiki. Saboda haka sikeli ba shi ne amintaccen shaida ba. Ga awon da ya fi shi, ba ya kuwa bukatar ko kwabo: a sami igiya a yanke ta daidai tsawon mutum, a ninka ta biyu, a zagaya ciki da ita ɗan sama da cibiya kaɗan. In bakin igiya bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa irin kitsen da ke tafiya tare da ciwon suga da hawan jini.

Gyaran yana bisa abu uku, kamar tukunya bisa murhu.

Na farko shi ne motsin da ke sa zuciya bugu da numfashi ya ƙaru, watau tafiya da sauri, ko sassarfa, ko tuƙa keke. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawararta ta 2020, ta ce baligi ya yi minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai tsanani. Rabin awa sau 5 a mako ya cika mafi ƙanƙantar ƙa'ida. Alamar matsakaicin motsi ita ce mutum ya iya magana da abokin tafiyarsa, amma ba zai iya rera waƙa ba. An san hakimi ba zai fita da gajeren wando yana gudu a bainar talakawa ba, ba a kuwa nemi haka daga gare shi ba. Ya fita duba gona ko masaƙar ruwa a ƙafa bayan asuba, ko ya sa mota ta tsaya nesa da ƙauye ya ƙarasa da ƙafa. Wannan bai rage masa girma ba, sau da yawa ma a irin wannan tafiya ya kan ga abin da dagaci bai faɗa masa ba. Daga watan Maris zuwa Mayu a guji tsakar rana, a kuma riƙa shan ruwa.

Na biyu shi ne ɗaga nauyi, shi ne kuwa wanda manya suka fi rainawa, suna cewa wasan samari ne. Tafiya tana gyara zuciya, amma ba ta ƙara wa kafaɗa da baya da damtse kome. Tsoka ba ta girma sai an ɗora mata abin da ya fi wanda ta saba, sa'an nan a bar ta ta huta ta gyara kanta. Ita dai Hukumar ta ce a yi irin wannan aiki aƙalla kwana 2 a mako, ya kuma game manyan gaɓoɓi duka. Ba lalle sai da ƙarafan kanti ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka jarka ta zama ma'auni: a zuba lita 5 yau, bayan mako biyu a mai da ita 6. A cikin gida, inda ba mai gani, mutum ya tsuguna ya miƙe yana rungume da jarka. Ya kifa ciki ya ɗaga jikinsa da hannuwa, in ya gagara ya fara da dafa bango. Ya sunkuya da baya a miƙe ya jawo jarka zuwa haƙarƙarinsa. Ya ɗaga ta sama da kai. Ya ɗauki biyu ya zagaya tsakar gida. Kowane ɗaya a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta minti biyu, a maimaita har zagaye 3. Nauyin da ya dace shi ne wanda na ƙarshe ke fita da ƙyar ba tare da jiki ya karkace ba. In 12 ya zama wasa, lokacin ƙari ya yi. Kada a riƙe numfashi yayin ɗagawa, domin yana sa jini ya hau. A bar kwana guda cur tsakanin yini da yini na wannan aiki, a kuma sami barcin awa 7 ko fiye, gama a cikin hutu ne tsoka ke ginuwa.

Akwai masu zafin nama da za su ce su haɗa duka kullum don su gama da wuri. A 1980 wani masani a Amurka, Robert Hickson, ya gwada wannan. Ya sa wasu mutane ɗaga ƙarfe kaɗai, wasu kuwa ɗaga ƙarfe kwana 5 tare da gudu da keke mai tsanani kwana 6 a mako, har mako 10. Da fari ƙarfinsu ya yi ta ƙaruwa tare, amma wajen ƙarshe na masu haɗawa ya tsaya, har ya soma komawa baya. Tafiyar rabin awa ba ta jawo haka. Gudu mai yawa ba hutu shi ke jawowa. In tilas a yi su rana ɗaya, a fara da nauyi.

Na uku shi ne abinci, a nan kuwa malamai za su ji daɗi, domin lissafi ne. Ƙarfin da abinci ke ba jiki da kalori a ke auna shi. Giram ɗaya na tsaba ko suga kalori 4 ne, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ya kai 120. Kwalbar lemon kwalba guda tana ɗauke da suga kimanin ƙananan cokula 9, watau wajen kalori 150, daidai da abin da mai kilo 70 zai ƙona a tafiyar rabin awa. Ku duba, ranku ya daɗe: abin da aka sha cikin minti biyu a wurin suna ya share tafiyar asuba gaba ɗaya. Wanda ya rage kalori 500 a yini ya kan zubar da misalin rabin kilo a mako, wannan kuwa ya isa. Abin da ya fi haka sauri tsoka ce ke biyan kuɗinsa. A rage malmalar tuwo daga biyu zuwa ɗaya da rabi, a rage man da ke yawo bisa miya, a sha fura da nono da shayi ba tare da an danƙara musu suga ba, a yawaita zogale da rama da alayyafo.

Abin da ba za a rage ba shi ne furotin, watau sinadarin da ke gina tsoka. Mai zaman kawai giram 0.8 ya ishe shi ga kowane kilo na nauyinsa, mai ɗaga nauyi kuwa ya fi amfana da wajen 1.6. Mai kilo 70 ke nan yana bukatar kimanin giram 110 a yini. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin nono 8, nama marar kitse dafaffe giram 100 ya kan ba da wajen 25, busasshen wake giram 100 kuwa wajen 23. Kifi, da awara, da ƙuli-ƙuli duk suna cikin lissafi, saboda haka malami mai ƙaramin albashi ba shi da hujjar cewa abin na masu kuɗi ne. A rarraba shi safe da rana da dare, kada a tara shi duka a tsiren dare. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likita.

Sai a yi hattara da abu biyu da a ke talla. Magungunan rage teɓa masu sa zawo ruwa su ke fitarwa, kitse yana nan inda ya ke. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka da wasu samari ke sha kuwa suna ɓata hanta da zuciya, suna kuma rage haihuwa. Ya kamata hakimi ya gargaɗi 'yan dambe da 'yan kokawar ƙasarsa a kansu. Haka kuma nanƙwasa ciki sau 100 ba ya narkar da kitsen ciki shi kaɗai, domin jiki daga ko'ina ya ke ɗibar kitsensa.

Wanda ya daɗe bai motsa ba, ko mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon zuciya, ya fara zuwa asibiti a auna shi kafin ya soma. In ya ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi likita. Sauran kuwa su soma da tafiyar minti 15 da jarka mai lita 3. Malami ya ware shafi ɗaya a littafinsa, ya riƙa rubuta kwanan wata, da mintocin tafiya, da litar da aka ɗaga, da awon ciki sau ɗaya a mako biyu, da safe kafin a karya kumallo. A dubi shafin bayan wata 3.