Darasi: Rabin Aji Kyauta da Hakkin Iyaye Kirista

A Bisharar Markus sura 10 mun ga yadda almajirai suka hana a kawo ƙananan yara wurin Yesu, shi kuwa ya tsawata musu, ya rungumi yaran, ya sa musu albarka. A yau talauci ne yake tsaye a bakin ƙofa. Ɗan mai hali yakan shiga makarantar reno ta kuɗi tun yana shekara 3, ɗan talaka kuwa sai ya kai 6 kafin ya taɓa riƙe alli. Ranar da suka haɗu a aji ɗaya na firamare, an riga an yi wa ɗayan nisa.

Abin da doka ta tanada

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara da koyar da su cikin ilimin tushe a Nijeriya. Ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun Gwamnatin Tarayya domin ilimin tushe, amma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓi tallafin. A 2013 manufar ilimi ta ƙasa ta ƙara shekara guda ta share fage kafin firamare, wato rabin aji, kyauta a makarantun gwamnati. Saboda haka rabin aji hakkin yaro ne, ba alfarma ba.

Abin da Ikilisiya take koyarwa

A 1965 Majalisar Vatikan ta Biyu ta bayyana cewa kowane ɗan Adam yana da hakkin samun ilimi, iyaye kuma su ne malamai na fari. Aikin hukuma shi ne ta tallafa musu, ba ta gaje su ba. Malama za ta koya wa yaro ƙirga, da wasa tare da 'yan'uwansa, amma alamar gicciye da addu'ar dare a gida ake koyonsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata mu yi

Na fari, kowane uba ya je firamaren gwamnati ta unguwarsa ya tambaya ko akwai rabin aji, ya sa ɗansa, mace ko namiji. Na biyu, in babu ajin, ko kuwa yara suna zaune a ƙasa ba malami, mu kai kuka ta ƙungiyar iyaye da malamai, tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama damuwar ɗaya ce. Na uku, Zumuntar Mata da katekis su lura da marayun da ba su da mai kai su.

Tambaya domin nazari: yara nawa 'yan shekara 5 ne a cocinmu suke zaune a gida, don me kuma?

Ubangiji ya albarkaci 'ya'yanmu. Amin.