Furen da ke ƙamshin lemo: zai yi a Yauri?

Tambaya: Na ga hoton wani ɗan itace mai farin fure da aka ce yana ƙamshi kamar furen lemo. Zan iya dasa shi a tsakar gidana? Daga wata mai karatu a Birnin Yauri.

Amsa: Hajiya, itace biyu ne ake yi wa wannan kirari, ki kula kada a sayar miki da wanda bai dace ba. Na farko, Philadelphus, ɗan ƙasashen sanyi ne. Ire-irensa kamar Virginal da Belle Etoile sai sun sha hunturu mai tsanani kafin su yi fure. Zafin Maris da Afirilu a Yauri zai ƙone su, kuɗinki ya tafi a banza.

Wanda zai karɓe ki shi ne Murraya paniculata, ɗan Asiya, ɗan uwan lemo na gaske. Ganyensa kore shar duk shekara, furensa fari, ƙamshin ya fi tashi da dare, daga baya ya yi jajayen 'ya'ya ƙanana. Akwai dogo da ake shinge da shi, akwai gajere na tukunya.

Ki dasa a Yuni, lokacin da damina ta kankama, inda inuwar yamma za ta kare shi. Ki zuba ruɓaɓɓen takin shanu, ba ɗanye ba. Idan gidanku na kusa da bakin ruwa, ki ɗaga ƙasar ta yi tudu, domin saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa. Da rani ki riƙa ba shi ruwa, ki kuma kange shi daga awaki.